Yadda za a ji labarin ambaliya a gabashin Sakkwato ko da babu layin waya

A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato domin daƙile 'yan bindiga, ciki har da Isa da Sabon Birni. Damina ba ta ɗauke ba a lokacin. Ruwan da ke ratsa yankin ta Gulbin Rima yana gangarawa ne madatsar Goronyo, inda ambaliyar 2010 ta ci garuruwa da gonaki. Duk tsarin gargaɗin da ya dogara da layin waya, a irin wannan rana bebe ne.

Injiniyoyi suna da wata dabara: a jera ƙananan na'urori a bakin gulbi, kowace da batirinta da ɗan rediyonta, tana auna tsayin ruwa tana miƙa wa maƙwabciyarta, har saƙon ya isa cibiya. Fasahar LoRa kan kai gajeren saƙo nisan kilomitoci ba tare da katin SIM ba.

Wahalar tana ga batir. Aika saƙo ya fi aunawa da lissafi cin wuta nesa ba kusa ba, kuma na'urorin da ke dab da cibiya su ne ke fara mutuwa, domin saƙon kowa ta kansu yake bi. A inda hanya ba ta da aminci kuwa, zuwa canza batir kasada ce da rai.

Shi ya sa ake rowar magana. Na'ura takan yi shiru har sai ruwa ya motsa. A shekarar 2000 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka suka fito da tsarin LEACH: a kasa na'urori rukuni-rukuni, ɗaya ta tattara awon sauran, ta dunƙule shi saƙo guda ta aika. Shugabancin karɓa-karɓa ne, kamar kwasar adashi, don kada nauyin ya ƙarar da ɗaya.

Akwai kuma masu ɗora wa mota ko babur na'urar da ke kwashe bayanai idan ta gifta. Wannan ya dace da awon damshin gona, amma ambaliya ba ta jiran direba.

Saura abin da lissafi ba ya warwarewa: wa zai karɓi saƙon da tsakar dare, hukumar NIHSA a Abuja ko mai garin da ruwa ya nufo, kuma ko jami'an tsaro za su bar rediyo yana magana a inda aka rufe waya.