Baƙin Wake da Tukunyar Matsin Tururi

Baƙin wake, wanda masana tsirrai ke kira Phaseolus vulgaris, abincin yau da kullum ne a Meziko da Kyuba da wasu sassan Barazil. Asalinsa daga nahiyar Amurka ne, kuma dangi ne na nesa ga waken da muke nomawa, wato Vigna unguiculata. Idan ya bushe yakan yi tauri ƙwarai, har ya kai awa biyu a kan wuta kafin ya nuna. Shi ya sa tukunyar matsin tururi ta zama kayan girki na kusan kowane gida a Barazil.

Me ke sa wake taushi? Ƙwayar wake cike take da ƙananan ɗakunan halitta masu ɗauke da sitaci, waɗanda wani sinadari mai danƙo da ake kira fektin ya manne su da juna, kamar yadda siminti ke riƙe bulo. Dahuwa ita ce narkar da wannan danƙo, da kumburar sitacin. Matsalar buɗaɗɗiyar tukunya ita ce, a daidai gaɓar teku ruwa ba ya wuce digiri 100 na ma'aunin Salshiyas komai yawan wutar da aka zuga. Ƙarin itace tururi kawai yake ƙarawa. A kan tudu abin ya fi muni, domin iska ba ta da nauyi sosai a can. A birnin Meziko, mai tudun mita 2,240, ruwa na tafasa a wajen digiri 92, a Jos kuwa wajen 96.

Dabarar da Bafaranshe Denis Papin ya fito da ita a shekarar 1679 ita ce a kulle tururin. Idan ya rasa hanyar fita sai ya danne ruwan, shi kuma ba zai iya tafasa ba sai zafinsa ya kai wajen digiri 120. Kada mai karatu ya raina ƙarin digiri 20, domin a bisa kimantawa, saurin irin wannan aiki na sinadarai yakan ninka sau biyu da ƙarin kowane digiri 10. Saboda haka waken da ya kwana a jiƙe yakan nuna cikin kimanin minti 10 bayan tukunya ta fara huci, wanda ba a jiƙa ba kuma wajen minti 30.

Akwai kuma batun lafiya. Ɗanyen waken wannan jinsi yana ɗauke da wani furotin mai guba, lektin, wanda ke jawo amai da gudawa cikin 'yan awoyi. Jan wake ya fi baƙi yawansa, amma duk a kula. Tafasa mai ƙarfi ta aƙalla minti 10 ke lalata shi. Ɗumi-ɗumin da bai kai tafasa ba kuwa ba abin dogaro ba ne.

A gidajenmu kanwa ake jefa wa wake, kuma tana aiki, domin tana saurin warware fektin. Sai dai tana lalata bitamin B1. A ganina wannan babbar hujja ce ta fifita tururi a kan kanwa. Tumatir da sauran kayan tsami akasin haka suke yi, suna ƙara wa wake tauri, don haka a jinkirta su sai ya nuna.

Wake yana kumbura, yana kuma kumfa, kumfar na iya toshe ƙofar tururi. Kada wake da ruwa su wuce rabin tukunya, a zuba cokali ɗaya na mai don ya kwantar da kumfar, a kuma duba ƙofar tururin kafin a rufe. Bayan an sauke, a bar tukunyar ta huce da kanta har matsin ya sauka gaba ɗaya kafin a taɓa murfi.