Wa ke da wuƙa da nama a Cocin Katolika?

A watan Mayun 2025, kadinal-kadinal 133 suka kulle kansu a ɗakin ibada na Sistin da ke Fadar Batikan, suka zaɓi Ba'amurke Robert Prevost ya gaji Fafaroma Francis, ya kuma ɗauki sunan Leo na 14. Mutane da dama a nan gida suna ɗaukar wannan kujera tamkar ta sarkin da maganarsa yankan wuƙa ce. Lamarin ya fi haka sarƙaƙiya.

A aƙidar Katolika, ikon koyar da addini gado ne daga manzannin Yesu Almasihu. Bishop-bishop su ne magadan manzannin, Fafaroma kuwa, wanda shi ne Bishop na birnin Rum, magajin Manzo Bitrus ne. Aikinsu shi ne tsare abin da suka tarar a Littafi Mai Tsarki da kuma koyarwar da aka gada daga magabata, su fassara shi ga mutanen zamaninsu. Ba su da hurumin ƙirƙiro sabon wahayi.

A nan ne ake yawan samun rashin fahimta. Babban taron Batikan na farko a 1870 ya tabbatar da cewa Fafaroma ba ya kuskure, amma bisa sharuɗɗa masu tsauri: sai ya yi magana a matsayinsa na makiyayin dukkan mabiya, a kan aƙida ko ɗabi'a, da nufin yanke hukuncin da ya hau kan cocin baki ɗaya. Wannan ba ya nufin shi ma'asumi ne daga zunubi, domin shi ma yakan durƙusa gaban limami ya furta laifuffukansa. Tun daga 1870, sau ɗaya tak aka yi amfani da wannan iko a fili, wato a 1950, lokacin da Fafaroma Pius na 12 ya ayyana cewa an ɗauke Maryamu zuwa sama da jiki da ruhinta. Wasiƙunsa da huɗubobinsa ana karɓarsu da biyayya gwargwadon nauyinsu, hirarsa da 'yan jarida a cikin jirgi kuwa ba doka ba ce.

Ma'aikacin gwamnati zai iya zaton bishop kamar darakta ne da hedikwata ta turo reshe. Taron Batikan na biyu, daga 1962 zuwa 1965, ya bayyana cewa bishop yana jagorantar yankinsa ne da ikon kansa, muddin yana haɗe da Fafaroma. Misali, Bishop Matthew Kukah na Sakkwato yana cikin lardin Kaduna, amma Babban Bishop na Kaduna ba ya ba shi umarni a kan yadda zai tafiyar da limamansa ko makarantunsa. Fafaroma ne ke naɗa bishop, bayan jakadansa a ƙasar ya yi bincike a asirce ya aika da sunaye uku. Idan bishop ya cika shekara 75 sai ya miƙa takardar murabus. Kadinal kuwa, babban aikinsa shi ne ba da shawara da zaɓen Fafaroma, kuma da zarar ya cika 80 ya rasa ƙuri'arsa.

Abin da ya faru a Ahiara ta Jihar Imo ya nuna ƙarfin wannan tsari da kuma iyakarsa. A 2012 Fafaroma Benedict na 16 ya naɗa Peter Okpaleke, ɗan asalin Jihar Anambra, bishop na yankin. Limamai da mabiya da yawa suka yi tsayin daka cewa sai ɗan ƙasar Mbaise, har ya kasa shiga ya kama aiki. A watan Yunin 2017 Fafaroma Francis ya bai wa kowane limamin yankin kwana 30 ya rubuto wasiƙar neman gafara da alkawarin biyayya, ko a dakatar da shi. Wasiƙu sun isa Rum, amma zukata ba su sauko ba. A watan Fabrairun 2018 Okpaleke ya yi murabus, Fafaroma ya amince, bai kuma hukunta limaman ba.

A ganina, wannan ba gazawa ba ce kawai. Dokar coci tana bayan Fafaroma ɗari bisa ɗari, sai dai ba shi da ɗan sandan da zai raka bishop kan kujerarsa, kuma makiyayin da garke ya juya wa baya ba abin da takardar naɗi za ta tsinana masa. Duk da haka Rum ba ta bar maganar a nan ba. A 2020 aka kafa sabon yankin Ekwulobia a Anambra aka ba Okpaleke, a 2022 Francis ya ɗaga shi zuwa kadinal. Shi ne ɗan Najeriya ɗaya tilo da ya jefa ƙuri'a a zaɓen da ya samar da Leo na 14.