An Rufe Kwanar Dangora, Korona Tana Cikin Gari

Duk motar da ta taso daga Riruwai za ta birnin Kano, sai ta keta dajin Falgore, ta wuce Tudun Wada, sannan ta faɗo babban titin Zariya a Kwanar Dangora. A wannan kwanar aka kafa shinge lokacin da gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta rufe iyakokin jihar daga ranar Juma'a 27 ga Maris 2020. Wata guda ke nan cur da samun mutum na farko mai korona a Najeriya, wani Ba'italiye da ya sauka a Legas. An jibge jami'an tsaro, ana juya motoci, ana ɗaga tamfol ɗin manyan motocin kaya ana zaƙulo mutanen da suka kwanta a tsakanin buhuna. 'Yan acaɓa kuwa kasuwarsu ta buɗe. Fasinja ya sauka nesa da shinge, a bi da shi ta gonaki, a ajiye shi gaba, ya tari wata motar.

Abin da ba a sani ba a ranar shi ne an rufe ƙofa da ɓarawo. Kwana biyu kafin a datse hanyar, ranar 25 ga Maris, wani dattijo mai shekara 75, tsohon jami'in diflomasiyya, ya dawo Kano bayan ya zaga Kaduna da Abuja da Legas. Ba a ƙarƙashin tamfol ya shigo ba. Ba zan kama sunansa ba, domin ba shi ya ƙirƙiro cutar ba, kuma abin da aka ce ya yi, dubban mutane sun yi irinsa a makonnin da suka biyo.

A lokacin hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, tana ta nanata magana ɗaya a rediyo: duk wanda ya fito daga inda cutar take, ya killace kansa kwana 14, in ya ji zazzaɓi ko tari ko numfashinsa ya yi nauyi, ya kira waya, kada ya tafi asibiti da ƙafarsa. Bisa bayanan da hukumomi suka bayar, dattijon bai zauna ba. Ya yi sallar Juma'a cikin jama'a, ya shiga mutane kamar yadda ya saba. Da jiki ya ƙi daɗi, har an ɗauki samfurinsa don gwaji, sai ya tafi wani asibiti mai zaman kansa ya kwanta, kuma asibitin ya ce bai faɗa musu tafiye-tafiyen da ya yi ba, bai kuma ce yana jiran sakamako ba. Ranar Asabar 11 ga Afrilu sakamakon ya fito. Aka ɗauke shi zuwa cibiyar killacewa ta Kwanar Dawaki, aka rufe asibitin, aka killace ma'aikatansa.

Daga nan aikin masu bin sawu ya fara, kuma aiki ne da sai wanda ya san Kano zai gane nauyinsa. Ana zaunar da majinyaci a tambaye shi: da wa ka gaisa, a motar wa ka shiga, wa ya zo duba ka, a sahu na nawa ka yi salla. To wane dattijo mai jama'a ne zai iya lissafa hannayen da ya kama cikin kwana 17? Daga ƙofar masallaci zuwa inda ya ajiye takalmi kaɗai zai yi musabaha da mutanen da bai san sunan rabinsu ba. Waɗanda aka samu sunayensu kuma, sai a kira su ɗaya bayan ɗaya, a roƙe su su zauna a ɗaki, a riƙa tuntuɓarsu ana tambayar zafin jiki. Wani ya ɗauka ya ce lafiyarsa ƙalau, yana kasuwa. Wani ya ce ba shi ba ne, kuskuren lamba aka yi. Wani matarsa ce za ta leƙo ta bayan ƙyaure ta ce maigida ya yi tafiya, alhali takalmansa suna bakin ƙofa. Kafin watan ya ƙare, kwamitin yaƙi da cutar na jihar ya sanar cewa mutum uku da gwaji ya tabbatar suna ɗauke da ita sun gudu daga gidajensu, sun kashe wayoyinsu.

Kwana huɗu bayan mutum na farko, aka samu mutuwar farko. Ranar Alhamis 16 ga Afrilu da dare aka sa dokar kulle ta mako guda. Cutar ta shiga har cikin kwamitin da mataimakin gwamna Nasiru Yusuf Gawuna yake jagoranta, ta kama wasu mambobinsa. Sannan ɗakin gwaji na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda shi kaɗai ne a jihar a lokacin, ya tsaya da aiki na wasu kwanaki. Jiha mai ƙananan hukumomi 44 ta zauna ba inda za a gwada mutum. Wanda ya ƙi gwaji da wanda yake nemansa ido rufe suka zama ɗaya.

A waɗannan kwanaki ne masu haƙar kabari suka fara magana. Su ne suka riga kowa lura, domin su suke riƙe da diga da shebur. A maƙabartar Dandolo da ta Abbatuwa da ta Gyaɗi-gyaɗi, inda aka saba kai gawa kaɗan a yini, sai ga makara tana bin makara. Jaridar Daily Trust ta ruwaito an binne mutum 150 cikin kwana uku. A ƙarshen mako guda, 25 da 26 ga Afrilu, ana farkon azumi, Kano ta rasa Farfesa Ibrahim Ayagi, masanin tattalin arziki, da Farfesa Aliyu Umar Dikko, da Farfesa Balarabe Maikaba na sashen aikin jarida a Jami'ar Bayero, da wasu manya da dama. Gwamnatin jiha ta ce hawan jini ne da ciwon suga da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. Akasarin mamatan an binne su ba gwaji, kamar yadda muke binne namu, cikin sa'o'i kaɗan.

Kowace mutuwa kuwa tana tara sabon taro. A yi wanka, a sallaci gawa kafaɗa da kafaɗa, a dawo a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Mai ta'aziyya ya tsuguna ya bi dattawan da ke jere yana miƙa hannu, buta guda tana zagayawa, kofin ruwa guda. Ɗan mamacin da ya yi jinyar mahaifinsa mako guda, yana goge masa baki yana tallafe shi in tari ya sarƙe shi, shi ne a tsakiyar tabarma yana karɓar gaisuwa. A ka'idar masu bin sawu shi ne mutum na farko da ya kamata ya shige ɗaki ya rufe. A ka'idar gari kuwa, in ya yi haka, har ya mutu ana faɗa. Ba na ganin wannan a matsayin jahilci. Tarbiyya ce muka taso a ciki, kuma ita ce take riƙe da mu a sauran lokuta. Amma a watan Afrilun 2020 dattawan da ke kan tabarmar ne suka biya kuɗinta.

Ranar 27 ga Afrilu Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa Kano kulle na mako biyu. Ranar 30 ga wata aka samu sababbin masu cutar 80 a jihar a yini guda, fiye da Legas. A farkon Mayu ƙungiyar likitoci reshen Kano ta ce likitoci 34 sun kamu, ta kuma ce da yawansu daga majinyatan da suka ɓoye bayanansu suka ɗauka. Mu a kudancin jihar labarin ya iso mu da nauyi ranar 2 ga Mayu, da aka sanar da rasuwar Sarkin Rano, Alhaji Tafida Abubakar Ila, wanda a lokacin Bebeji da Tudun Wada da Doguwa duk suna ƙarƙashin masarautarsa. Sai ranar 8 ga Yuni ministan lafiya Osagie Ehanire ya fito da sakamakon binciken da aka yi ta hanyar bi gida-gida ana tambayar iyalan mamata. An ƙirga mutuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, a wani lokaci har 43 a rana, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na mace-macen suna da alaƙa da korona. Ƙananan hukumomi takwas ke nan cikin 44. Riruwai ba ta cikin wannan lissafi, haka ƙauyukan da 'yan cirani suka kwararo cikinsu da kulle ya hana su nema a birni.

Akwai waɗanda aka killace su sosai a Kano, ba tare da an roƙe su a waya ba. Almajirai ne. Gwamnonin Arewa sun yanke shawarar mayar da kowane almajiri jiharsa, aka riƙa loda yara a motoci ana ratsa iyakokin da aka ce an rufe. Cikin yara 169 da aka gwada a Kaduna bayan an kai su daga Kano, 65 suna ɗauke da cutar. A Jigawa 91 ne cikin 168. Waɗanda aka dawo wa Kano da su, da waɗanda ake shirin fitarwa, aka tara su a sansanoni a Kiru da Ƙaraye da Gabasawa. Yaro ɗan shekara takwas da robar bararsa da allonsa ba shi da wayar da zai kashe, ba shi da ƙyauren da zai ɓuya a bayansa. A kansa dokar ta yi aiki ɗari bisa ɗari, har aka riƙa maganarsa kamar shi ya kawo annobar, alhali ta jirgin sama ta shigo ƙasar. Wannan abu har yau yana ci mini rai. Talaka ya ga yadda manyan ƙasa suka yi cincirindo a maƙabartar Gudu a Abuja ranar 18 ga Afrilu wajen binne Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, wanda korona ta kashe, ya kuma ga yadda aka yi da almajirai. Da wane baki za a ce masa ya zauna a ɗaki?

Rashin yardar ma tana da asali. Ginin Kwanar Dawaki da aka mai da cibiyar killacewa ya samo asali ne daga sulhun da aka yi da kamfanin Pfizer, bayan gwajin maganin Trovan da ya yi a kan yara 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, inda 11 suka rasu. Wannan tabon ne ya taimaka aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Da aka ji gwamna yana neman naira biliyan 15 daga tarayya don yaƙi da korona, sai masu cewa cutar hanyar cin kuɗi ce suka samu abin faɗa. Matasa suka riƙa rera cewa babu korona a filayen ƙwallo. Ga kuma tsoron cibiyoyin kansu: ranar 5 ga Mayu majinyatan da aka killace a Kwadon ta jihar Gombe suka fito suka tare titi suna kukan rashin kulawa, kowa ya gani a waya. Sannan ga yunwa. Mai haƙar kuza a duwatsun Riruwai, ko mai dako a kasuwar Tudun Wada, abin da ya samo yau shi za a ɗora a murhu yau. Ka ce masa kwana 14 ba fita, ba ka kawo masa ko kwanon masara ba, ka san amsar da za ka samu tun kafin ka buɗe baki. Ina yi wa wannan uzuri. Wanda ba na yi wa uzuri shi ne mai hali, mai ilimi, mai ɗaki da banɗakinsa, wanda kunyar a ce gidan wane an samu korona ta sa ya yi wa likita ƙarya.

Najeriya ta san yadda abin yake in an yi shi daidai. A watan Yulin 2014 Patrick Sawyer ya shigo Legas daga Laberiya da cutar Ebola, ya matsa a sallame shi daga asibiti, Dakta Stella Adadevoh ta ƙi. Ta kamu, ta rasu. Masu bin sawu suka bibiyi mutum kusan 900, suka kai ziyarar ido da ido wajen sau 18,500. Mutum guda da ya sulale daga sa idonsu ya tafi Fatakwal aka yi masa magani a ɓoye a otal, shi ya kai cutar can, likitan da ya duba shi ya mutu. Duk da haka aka tsayar da ita a kan mutum 20, takwas suka rasu, kuma ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasar ta fita. Korona ta fi Ebola saurin yaɗuwa, mai ɗauke da ita ma yakan yi yawo ba ya jin komai, shi ya sa gaskiyar majinyaci ta fi tsada a kanta. Addininmu ma bai bar mu a duhu ba. Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, da ya isa Sargu ya ji annoba ta ɓarke a can, ya yi shawara da sahabbai ya juya da jama'arsa Madina, ba wanda ya ce imaninsa ya ragu.

Annoba ba ta daina zuwa ba. A 2023 mashaƙo ya ɓarke, Kano ce ta fi kowace jiha yawan masu kamuwa, yara ne kuma suka fi mutuwa. Ma'aikatan lafiya sun sake fitowa da littafi da biro suna tambayar wa ya kwana ɗaki ɗaya da yaron, wa ya sha a kofinsa. Ina roƙon dagatai da masu unguwanni da limamanmu, daga Bebeji har Riruwai, in irin waɗannan ma'aikata suka zo, ku raka su ƙofar gidan da ƙafarku, ku fara ba da sunayen na gidanku. Gwamnati kuma in ta ce wa mai neman na yau ya zauna kwana 14, ta aika masa da hatsin kwana 14 a ranar da ta faɗa.