Kalmar Plug: Daga Toshe Ganga Zuwa Gadon Asibiti

Duk direban da motarsa ta taɓa ƙin tashi da sanyin safiya ya san fulogi, ya kuma san bakanike zai ce a kwance shi a goge. Hausa ta aro wannan kalma ce daga Turancin Ingilishi, inda ake rubuta ta plug, to amma ɗan kaɗan ta tsakuro daga ma'anoninta. A bakin masu harshen kalmar ta yi rassa da yawa, kuma wasu daga ciki kan jefa baƙo cikin ruɗani.

Su ma Turawan Ingila aro suka yi daga mutanen Holan a farkon ƙarni na 17, lokacin da kalmar ke nufin guntun icen da ake toshe ganga ko kafar jirgin ruwa da shi. Wannan ma'ana tana nan har yau. Robar da ake toshe bahon wanka da ita plug ce, haka ma abin da ma'aikacin masana'anta ke cusawa a kunne saboda ƙara. Masana ilmin ƙasa kuma suna kiran narkakken dutsen da ya daskare a maƙogwaron dutse mai aman wuta da wannan suna. A kan irinsa aka gina fadar Edinburgh ta Sikotilan, kuma Dutsen Wase na jihar Filato shi ma irinsa ne.

Zuwan lantarki ya juya al'amarin, domin abin da ake cusawa don ya toshe sai ya koma abin da ke haɗawa. A shekarar 1904 wani Ba'amurke mai suna Harvey Hubbell ya yi rajistar kan wayar da ake sakawa a cire. Birtaniya kuwa a 1947 ta fito da nata mai ƙafa uku, wanda Najeriya da Gana ke amfani da shi, alhali Nijar tana bin mai zagayayyun ƙafafu irin na Faransa. Shi ya sa rediyon da aka sayo a Yamai ba ya shiga soket ɗin London sai da mahaɗi.

Akwai kuma ma'anar talla. A farkon ƙarni na 20 kamfanonin waƙa na New York sukan ɗauki makaɗa su yi ta nanata sabuwar waƙa har ta shiga kunnen jama'a. Shahararren mawallafin kiɗan nan George Gershwin ya soma da wannan aiki a 1914, yana ɗan shekara 15. Daga nan ne duk marubucin da ya ambaci littafinsa a hirar rediyo ake cewa ya yi masa plug.

Ma'anoni biyu ne dai suka fi bukatar hattara. Idan jarida ta ce gwamnati ta yi pull the plug a kan wani aiki, to ta janye kuɗinta, aikin ya mutu. Idan aka furta haka a kan majinyaci, ana nufin kashe na'urar da ke taimaka masa numfashi, hukuncin da ba iyalin da zai so ya amince da shi bisa kuskuren fahimta. A nan ya kamata a nemi tafinta, a kuma sa likita ya yi bayani dalla-dalla.

Ta biyun ita ce ta samarin Amurka da Ingila. A wurinsu plug shi ne dillalin miyagun ƙwayoyi, ko da yake sukan faɗe ta kan duk mai hanyar samo abu mai wuyar samu, kamar tikitin kallon ƙwallo. Saboda haka uban da ya ji ɗansa yana maganar plug ɗinsa, kada ya ɗauka zancen lantarki ne, kada kuma ya yanke hukunci da garaje. Ya zaunar da yaron ya tambaye shi wane ne mutumin, me kuma yake samo masa.