Idan Manhaja Ta Ƙi Gane Manomi: Yadda Ake Bin Sawun Kuskuren ORM

Ranar rabon taki ce ke tona asirin manhaja. A garuruwan arewacin Kano, daga Minjibir zuwa Ɗambatta, Makoɗa da Bichi, duk ƙungiyar manoma ko dillalin taki da ya ajiye littafin rajista ya koma waya ko kwamfuta yakan gamu da wannan rana. Mutane sun yi layi tun da hantsi, an yi shuka, gero ya tsiro yana jiran taki. Magatakarda ya rubuta sunan dattijon da ke gabansa, sai allo ya cika da jan rubutu na Turanci. Dattijon ba ruwansa da jan rubutu. Abin da ya sani shi ne takin da ya makara ba ya yi wa gero amfanin da ake so, kuma damina ba ta jiran kowa.

Yawancin irin waɗannan manhajoji matasa ne ke rubuta su, da Django ko Laravel, kuma kusan dukkansu sun dogara ne da abin da ake kira ORM. Rumbun bayanai, wato MySQL ko PostgreSQL ko SQLite, yaren SQL kaɗai yake ji, yaren da aka ƙirƙiro a kamfanin IBM tun shekarun 1970. Shi kuwa mai rubuta manhaja yana aiki ne da Python ko PHP. ORM shi ne tafintan da ke tsakaninsu: a rubuta masa umarni da Python, ya juya shi zuwa SQL, ya karɓo amsa. Django, wanda ya fito a 2005, da nasa tafintan ya zo; Laravel yana da Eloquent, masu Java suna da Hibernate. Sauƙin da ya kawo babba ne, amma yana da illa guda. Mutum zai iya shekara yana rubuta manhaja bai taɓa ganin ainihin abin da ake faɗa wa rumbun da sunansa ba.

Saboda haka matakin farko idan abu ya ɓaci shi ne a tsallake tafinta a ji maganar da kunne. A Django, duk tambayar da aka haɗa tana da `query` da ake iya bugawa a ga SQL ɗinta, kuma `connection.queries` na nuna duk abin da aka aika muddin `DEBUG` na kunne. A Laravel `toSql` da `DB::listen` ke wannan aiki, a SQLAlchemy kuwa `echo=True`. Sannan a karanta dogon saƙon kuskuren daga ƙasa, don layin ƙarshe ne ke ɗauke da ainihin ƙorafin rumbun. Da yawa sukan kwafe saƙon su watsa a zauren WhatsApp ba su ko karanta shi ba, alhali ya ambaci teburin da ginshiƙin da matsalar take.

Wanda ya saba yin haka zai lura da wani abu. Sau da yawa tafintan bai yi ƙarya ba, rumbun ma lafiyarsa ƙalau. Zaton da aka gina manhajar a kansa ne bai dace da ƙauyen ba.

A ɗauki suna. Darussan intanet sukan koyar da `get` don ɗauko mutum guda, sai ɗalibi ya nemi manomi da sunansa da na mahaifinsa. A ƙauye ɗaya kuwa ana iya samun Musa Ibrahim uku, mutanen gari suna bambance su da laƙabi ko sana'a ko unguwa, abin da fom bai tambaya ba. Nan Django zai ce `MultipleObjectsReturned`. Akasin haka ma na faruwa: wanda aka rubuta Muhammadu bara, bana ya ce Mamman, a katinsa kuma Mohammed, sai a sami `DoesNotExist` ga mutum kuma a tsaye.

A nan ne ake yin gyaran da ya fi kuskuren muni. Mai manhaja yana cikin matsi, ana ta buga masa waya, sai ya sauya `get` da `first`, ko ya lulluɓe wurin da `try` da `except` don a yi shiru. Jan rubutu ya ɓace, kowa ya ji daɗi. Amma daga ranar duk Musa Ibrahim da ya zo, a kan na farko ake rubuta buhunsa. Idan taki na bashi ne, da kaka mutum ɗaya za a bi kuɗin buhunan mutum uku, ga kuma kwamfuta a matsayin shaida. Saƙon kuskuren nan da aka toshe wa baki shi kaɗai ne ya faɗi gaskiya. Maganin shi ne kowane manomi ya sami lambar rajista tasa, a bincika da suna a nuna wa magatakarda duk waɗanda suka fito, da unguwa da laƙabi, shi ya zaɓa.

To me zai hana a yi amfani da lambar waya? An gwada a babban mataki. A 2012, lokacin da Akinwumi Adesina yake ministan noma, gwamnatin tarayya ta fara shirin GES, inda manomi ke samun saƙon tallafin buhu biyu na taki ta wayarsa, kuma cikin matsalolin da shirin ya fuskanta har da manoman da ba su da waya ko sabis. Har yau akwai tsohon da lambar ɗansa yake bayarwa, da matar da take noma wake da gyaɗa amma wayar maigida ce a gidan. Wanda ya sa `unique=True` a kan lambar waya ya yanke hukuncin cewa waya ɗaya mutum ɗaya. Da mutum na biyu ya zo, MySQL zai mayar da kuskure mai lamba 1062, Django ya miƙo shi da sunan `IntegrityError`. Kuma galibi matar ce ke zuwa ta biyu.

Lambar wayar tana da wani tarkon. Da yake lamba ce, sai a ajiye ta a `IntegerField`. Sifirin farko ya faɗi, wannan ɗaya. Na biyu, iyakar wannan ginshiƙi 2,147,483,647 ce, lambobin wayar Najeriya kuwa ko an cire sifiri sun haura biliyan bakwai. Abin haushin shi ne SQLite, wanda ake gwaji da shi a kwamfutar gida, yakan haɗiye ba tare da ƙorafi ba, sai an ɗora a sabar MySQL ko PostgreSQL ya ce lambar ta wuce iyaka. Lambar waya da NIN da BVN, masu alƙaluma 11, rubutu ne a wajen rumbu, tunda ba wanda zai tara su ko ya raba.

Batun gona ya fi duk waɗannan zurfi. Tun shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, yana Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi nazarin ƙasar da ke kewaye da birnin Kano, inda jama'a ke da yawa, kusan kowane taƙi ana nomawa kowace shekara, gado kuma yana ta rarraba gonaki ƙanana-ƙanana. Manomi ɗaya yana iya riƙe da gonar gado a bayan gari, da ta aro a wani ƙauye, da ta jingina, da ɗan fili na noman rani a bakin dam ɗin Tomas ko na Watari. 'Yan'uwa uku kuma suna iya noma gandu ɗaya. Gonar da ke hannun wani bana, baɗi an fanshe ta ta koma ga mai ita. Tsarin da ya ce manomi ɗaya gona ɗaya zai yi ta zubo kurakurai, kuma ba layin da za a gyara su daina. Sai an ƙara tebur na uku tsakanin manomi da gona, mai riƙe da damina da irin riƙon: gado, saye, aro, haya ko jingina. Wannan ilimin ba ya cikin littafin Django, yana wajen mai unguwa.

Sai haruffanmu masu lanƙwasa. Kafin MySQL 8.0 na 2018, tsarin haruffan da rumbun ke zuwa da shi `latin1` ne, wanda bai san ƙ da ɗ da ɓ da ƴ ba, kuma akwai tsofaffin teburori da yawa da har yanzu a kansa suke. A rubuta Ɗanladi, sai kuskure mai lamba 1366 ya fito yana nuna `\xC6\x8A`, wato harafin Ɗ ke nan a tsarin UTF-8. Idan rumbun ba a tsauraran saiti yake ba, ko ƙorafi ba zai yi ba, alamar tambaya zai ajiye a madadin harafin. Ana mayar da teburin da kuma mahaɗar manhajar duka zuwa `utf8mb4`, bayan an kwafi ajiya. Sunaye irin su Sa'adu da Shu'aibu kuwa ORM ba ya tuntuɓe da su; idan suka karya tambaya, to wani ya haɗa SQL da hannu yana liƙa sunan a ciki, kuma ƙofar da waƙafin ya shiga ita ce ɓarawon bayanai zai bi.

Akwai wanda ba ya nuna jan rubutu sam, jinkiri kawai. A karkara kowane jinkiri sabis ake ɗora wa, kuma sau da yawa da gaskiya. Amma shafin da ke jero manoma 500 da ƙauyen kowanne yana iya aika tambaya 501: ɗaya ta ɗauko manoman, sannan ɗaya-ɗaya don ƙauyen kowa. Ana kiran wannan N+1. `select_related` da `prefetch_related` a Django, ko `with` a Laravel, sukan mayar da su ɗaya ko biyu. Ƙirga tambayoyin ne kaɗai zai raba gardama tsakanin laifin eriyar kamfanin waya da na mai manhaja.

Kusan duk waɗannan ana iya kama su tun bazara, kafin a jera buhuna. A ari tsohon littafin rajistar ƙungiya da izinin shugabanninta, a shigar da shafi goma yadda suke, da masu suna iri ɗaya, da masu waya ɗaya, da gonakin jingina, a kan irin rumbun da sabar ke amfani da shi, ba SQLite ba. Magatakardan da zai riƙe wayar ranar rabo shi ya kamata ya shigar da su, mai manhaja yana gefe yana kallon SQL ɗin da ke wucewa.