Wa Ke Riƙe da Makullin Fayilolin Makaranta?

A da, takardun makaranta a kabad na ƙarfe suke kwana, makulli ɗaya wurin shugaban makaranta, ɗaya wurin magatakarda. Yanzu da yawansu sun koma kwamfuta, cikin jakunkunan da ake kira folda, a ma'ajiya irin ta Google Drive. A nan izini shi ne makulli, kuma mai folda ne ke raba shi.

Izinin hawa uku ne. Akwai mai dubawa kawai. Akwai mai sharhi, wanda zai rubuta ra'ayinsa a gefe amma ba zai taɓa rubutun ba. Sai mai gyara, wanda zai iya canza maki, ya cire fayil, har ya shigo da wasu mutane idan ba a hana shi ba. A ganinmu, malamin lissafi ya zama mai gyara a foldar makin lissafi, amma ba ruwansa da foldar kuɗin makaranta.

Ga inda mutane suka fi tuntuɓe. Izinin da aka bayar a kan babbar folda yana gangarowa kan duk abin da ke cikinta. Wanda aka buɗe wa foldar aji uku domin ya ga jadawali, ya ga sunayen iyaye da lambobin wayarsu ke nan, in dai a can aka ajiye su. Haka kuma zaɓin nan mai cewa duk mai adireshin fayil yana iya buɗewa: da zarar adireshin ya shiga WhatsApp, Allah kaɗai ya san hannun da zai faɗa. Mu mutanen Pauwa, Faskari da Sabuwa mun san abin da masu garkuwa da mutane za su yi da takardar da ta nuna ɗan wane ne, da aikin ubansa.

Amma kulle komai wurin mutum ɗaya ma haɗari ne. Da aka sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba, 2020, Gwamna Aminu Bello Masari ya fara ambaton yara 333, daga baya 344 suka dawo. A irin wannan dare rajista ce abin nema na farko. Saboda haka a samu aƙalla mutum biyu amintattu da za su iya buɗe ta, kuma kada mallakar folda ta zauna a asusun wani malami na kansa.

Tun 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan mutane, kuma makarantu ba su fita daga cikinta ba. Don haka a ƙarshen kowane zango a zauna a karanta sunayen masu izini ɗaya bayan ɗaya. Malamin da aka yi wa canjin wurin aiki, da ɗan bautar ƙasa da ya gama shekararsa, a cire sunayensu ranar da suka miƙa makullin ofis.