Yis Mai Haɗa Maganin Maleriya da Ilimin Ƙera Halittu

Maganin maleriya na ACT da muke saya a kemis, tushensa artemisinin ne, sinadarin da ake tatsa daga wani nau'in tazargade da ake nomawa a China da Vietnam da gabashin Afirka. Farashinsa ba ya zama wuri ɗaya: bana ya yi tsada, baɗi ya karye, manoma su bar shukawa, a sake shiga ƙaranci. Shi ya sa Jay Keasling da abokan aikinsa a Jami'ar California da ke Berkeley suka ɗebo ƙwayoyin gado daga tsiron suka dasa a cikin yis, dangin wanda ake kwaɓa burodi da shi. A 2006 suka nuna cewa in an ciyar da yis ɗin da sukari, yana fitar da sinadarin da ake juyawa zuwa artemisinin. Kamfanin Sanofi ya fara sarrafa shi a Italiya a 2013, amma sai farashin na gona ya faɗi, kamfanin ya sayar da masana'antar a 2016. Binciken ya yi nasara, kasuwa ce ta ƙi.

Wannan reshe ɗaya ne na ilimin ƙera halittu. Tun 1978 aka sa bakteriya ta yi insulin ta hanyar dasa mata ƙwayar gado. Abin da ya sauya shi ne yanzu jerin ƙwayoyi ake tsarawa a kwamfuta, a aika wa kamfani ya haɗa DNA ɗin, kamar yadda ake kai wa tela yadi da awo. Wasu masanan kuma makunni suke ƙerawa a cikin ƙwayar rai; a shekarar 2000 aka gina na farko a bakteriyar E. coli, wanda ake kunnawa a kashe.

Reshen da ya fi ɗaukar hankalina shi ne na rubuta kundin gado sukutum. A 2010 cibiyar Craig Venter a Amurka ta haɗa kundin wata bakteriya da sinadarai, ta sa shi a cikin wata ƙwaya mai rai, ta kuwa ci gaba da hayayyafa. A lura, ba rai suka halitta ba, ƙwayar da ta karɓi kundin da ranta suka same ta. A 2016 suka yi ta rage ƙwayoyin gadon har suka koma 473, mafi ƙarancin da suka iya rayar da ita da su. A cikinsu akwai 149 da masanan ba su san aikinsu ba a lokacin, alhali akwai da yawa a ciki da in an cire su ƙwayar ba ta rayuwa.

Akwai abin tsoro. A 2002 masu bincike a Jami'ar Stony Brook suka haɗa ƙwayar cutar shan inna daga bayanan da kowa zai iya samu. Mu da muka ga yaran da cutar nan ta nakasa, ba za mu ɗauki wannan da wasa ba. A 2019 Nijeriya ta gyara dokar NBMA, hukumar da ke kula da amincin fasahar halittu, domin ta haɗa da sa ido kan wannan fanni, kuma hakan daidai ne. Abin da nake so in gani yanzu shi ne ɗakunan gwaji a jami'o'inmu na Zariya da Kano da Yamai, inda za a horar da waɗanda za su iya buɗe samfurin da aka shigo da shi su tantance abin da ke ciki.